Bishiyar da hasumiyar sadarwa ta matse a kan dutse

A kwas ɗin kare tsirrai, malaminmu ya raba mana itatuwan da ke gab da ƙarewa, kowa ya bibiyi nasa. Ni aka ba ni Ilex cookii, wata 'yar bishiya daga dangin itatuwan da Turawa ke kira holi, wadda duk duniya ba ta fitowa sai a tsaunukan tsakiyar Puerto Rico, wani tsibiri a tekun Karebiyan da ke ƙarƙashin ikon Amurka, musamman Cerro de Punta, dutse mafi tsawo a tsibirin, mai mita 1,338. Tun 1987 gwamnatin Amurka ta sa ta a jerin tsirran da ke cikin haɗarin ɓacewa.

Mun saba idan aka ce daji na ƙarewa, sai hankali ya tafi kan mai gatari da mai gawayi. A nan ba su ne ba. Dajin ƙololuwar gajere ne, hazo ba ya rabuwa da shi, iska ta hana itatuwa miƙewa, gansakuka ta lulluɓe rassa, komai a hankali yake girma. Tsawon nan da ya ba bishiyar mafaka shi ya jawo masu kafa eriyar rediyo da talabijin da tarho. Aka fasa hanya, aka share fili, aka kafa ƙarafa. A takarda filin ɗan kaɗan ne, amma ga bishiyar da dukan zuri'arta ke cunkushe a 'yan wurare ƙalilan, babu wani abu ɗan kaɗan. Kuma fa yankin dajin gwamnati ne na Toro Negro, wato sunan kariya yana nan, motar gyaran eriya kuma tana hawa.

Abin da ya fi zauna mini shi ne ƙidaya kaɗai ba ta isa. Holi kamar gwanda take, akwai namiji akwai mace, kowanne a gindinsa. Ka ƙirga gindi ashirin ka yi murna, alhali idan mata biyu ne a ciki, ko sun yi wa mazan nisan da ƙwari ba sa haɗa su, iri ba zai zuba ba. Tun daga nan, duk rahoton da ya ba ni jimilla bai faɗi nawa ke 'ya'ya ba, ina ɗaukarsa rabin aiki.

Ga kuma guguwa. A 2017 wata babbar guguwa mai suna Maria ta ratsa tsibirin, ta kakkarya dazuzzukan tsaunuka. Shi ya sa a rahotona na fi ba da ƙarfi kan renon dashe a wani wuri daban, fiye da ƙara kafa allon gargaɗi a bakin hanya.