Wasiƙa daga Girinsboro: farantin gashi ko resho, wanne za ka sa a mota in za ka kwana a daji?

Assalamu alaikum ƴan uwana na Damagaram, mutanen Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam, har na Mirriya da Magarya, duk ina gaisuwa, da fatan an gama girbi lafiya kuma sanyi ya zo da sauƙi.

Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu a waya, ƙanena ne ya sa ni gaba a WhatsApp yau kusan sati biyu. Direba ne, yana bin hanyar Tanut zuwa Agadas, kuma in ya samu hutu shi da abokansa sukan cika mota su tafi bakin tafkin Gidimuni su wuni, wani lokaci su kwana. Ya ga bidiyon da na ɗora muna gasa nama a daji a kan wani faffaɗan farantin ƙarfe mai aiki da gaz, shi ke nan kullum sai saƙo, Yaya don Allah in za a yi kwantena ka sako min irin farantin nan, Yaya ko nawa ne zan biya. Bayan shi mutum biyu suka sake yi min irin wannan tambaya, na ce to bari in amsa a fili kowa ya ji, don wanda ya kalli bidiyo naman kawai ya gani, bai ga abin da ya faru da safe ba.

Nan Amurka mutane suna da wata al'ada ta fita kwanan daji da mota. Ba wai ka ɗora kaya a ka ka yi ta hawan dutse ba, a'a, ka biya kuɗin ɗan fili ne a wurin da aka tanada, ka shigo da motarka har gindin inda za ka kafa tanti, akwai teburin katako da benci, akwai wani zoben ƙarfe a ƙasa inda aka yarda a hura wuta, famfo da banɗaki suna can gefe. Tunda mota ce ke ɗaukar kayan ba wuyanka ba, mutum yana iya zuwa da abu mai nauyi. Ni da na fara gani ban ji baƙon abu ba ne, ai unguwar Zango ma daga nan ta samo sunanta, wurin da ayarin fatake ke sauke raƙuma a wajen ganuwar Birni su kwana su dafa abincinsu. Sai dai su madugu da jama'arsa neman abinci ya fito da su, waɗannan kuwa hutu suka fito.

Kayan girki iri biyu ne ake ta gardama a kansu. Na farko shi ne farantin gashi, ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe mai kauri, wutar gaz tana ƙarƙashinsa, kana zuba abinci kai tsaye a kansa, masu Faransanci suna ce masa plansha. Kamfanin da ya fi suna da shi a nan Blackstone ne, suna da ƙarami mai faɗin santimita 43 da mai bi masa mai 56, shi wannan na biyun nauyinsa ya kusa kilo 15. Ɗayan kuma resho ne mai baki biyu da ake naɗewa kamar akwati, marfinsa da ƴan fukafukai biyu a gefe su ne ke tare iska, bai fi kilo 5 ko 6 ba, wanda kowa ya sani shi ne koren nan na Coleman, kamfanin da ya haura shekara 100 yana ƙera fitilu da kayan zango. Dukkansu suna aiki da ƴar ƙaramar butel ta gaz wadda ba ta kai rabin kilo ba, ko ka sayi tiyo ka jona da babbar butel mai kilo 9.

Ni faranti na fara saya, wani mai arha na samu, don ido ne ya ja ni kamar yadda ya ja ƙanena. Fitarmu ta farko da shi a watan Oktoba ne, muka tafi tsaunukan Smoki da ke kan iyakar jiharmu Karolina ta Arewa da Tenesi, gandun daji ne na gwamnati tun 1934, tafiyar kamar awa 4 daga gidana. Iyali uku muka je, duk ƴan Nijar, manya 6 yara 7.

Daren farko kam ba abin da zan ce sai alhamdu lillahi. Na sayo cinyar rago a wurin mai naman halal, muka yanka fale-fale, na shafa mai a ƙarfen ya ɗau zafi, na baza naman gaba ɗaya ya yi cuuu, albasa a gefe ɗaya, tumatir da tattasai a ɗaya gefen, na barbaɗa yajin ƙuli-ƙulin da Hajiyarmu ta aiko min, na tsaga burodi na kifa a kan man naman ya tsotse. Mutum 13 muka ci a lokaci ɗaya da zafinsa, ba wanda ya zauna jiran a sauke kasko na biyu. Ƙamshi ya cika wurin har wani dattijo Bature da ke fili na kusa da mu ya leƙo yana tambayar wane irin yaji ne wannan, muka cika masa faranti. Wanke-wanke kuma babu, na kankare ƙarfen da abin kankara, na zuba ruwa kofi ɗaya ya tafasa ya ɗago sauran maiƙon, na goge, na sake shafa mai. Ruwa kofi ɗaya fa! Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san darajar wannan magana, wanda ya taɓa tashi da asuba bin layin famfo da jarka ko ya tsaya bakin ƙofa yana jiran ɗan ga-ruwa. A ranar na ce na gama sayen kayan girki.

Da asuba bayan mun yi salla sanyi ya sauko, hazo ya rufe itatuwa, yatsu har ba sa lanƙwasuwa, abin da kowa ke so shayi ne, yara kuma a dama musu koko. Na kunna faranti na ɗora buta a kai. Minti 10 shiru, minti 20 ruwa yana ɗan motsi kawai a gindin buta yana fitar da ƴan ƙananan ƙwayoyi amma ya ƙi tafasa, saboda wutar ba butar take dukan ba, sai ta fara zafafa ƙarfen nan gaba ɗayansa, iska kuma tana bi ta kai tana kwashe zafin. Na taɓa ƴar butel ɗin na ji ta yi sanyi ƙarara har raɓa ta daskare a jikinta, harshen wutar ya yi ƙasa, can sai ya mutu, gaz ya ƙare, dama rabinta muka ƙone a gashin jiya. Autarmu tana naɗe cikin bargo tana kallona tana cewa Baba yunwa. Maman yara ta ce, Malam, ai da ka bari na taho da ƴar tukunyata da resho kamar yadda na ce. Gaskiya ta faɗa, kuma abin ya tsaya min a rai, na kawo yara cikin sanyi ban tanadi ruwan zafi ba.

Dattijon nan na jiya shi ya fitar da mu. Ya hango mu, ya ɗauko koren reshonsa wanda fentin jikinsa duk ya goge don tsufa, ya ajiye a teburinmu ya buɗe fukafukan ya ƙyasta, kafin mu gama yi masa godiya buta ta fara kuka. Baki ɗaya shayi, baki ɗaya ruwan koko. Da rana ma a kansa aka dafa shinkafa da wake.

Tun daga ranar na zauna na yi lissafin abin da muke ci mu Hausawa in mun fita. Su mutanen nan karin kumallonsu ƙwai ne da naman da aka yanka siriri da wata waina mai faɗi, da rana su gasa niƙaƙƙen nama su sa a burodi, duk abincin shimfiɗa ne, faranti an yi shi ne daidai cikinsu. Mu kuwa fa? Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, dambu, taliya, ɗanwake, koko, kunu, shayi. Ka duba duk cikinsu ba wanda ba ya neman tukunya da ruwa mai tafasa. Ko masa ba za ta yiwu a faranti ba tunda tanda mai gurabu take so, sinasir ne kawai na gwada ya yi kyau in ka kifa masa marfi. Shayinmu kuma ba na jefa ƴar jaka a kofi ba ne, zagaye uku ne, na fari mai ɗaci har zuwa na uku mai zaƙi, yana son ƙaramar wuta da za ka rage ka ƙara yadda kake so, resho yana yin wannan, ko da yake har gobe ban samu abin da ya kai gawayi a furno ba wajen shayi.

Akwai kuma wahalhalun faranti da bidiyo ba ya nunawa. Dole ƙasa ko teburi ya daidaita, in ya ɗan karkace duk mai sai ya gangara gefe ɗaya, na sha cusa dutse a ƙarƙashin ƙafarsa. Yana da ɗan kofi da maiƙo ke taruwa a ciki, in ka manta ba ka zubar ba ka sa a mota, to kujera da darduma sun sha. Ba ya hucewa da wuri, ka gama ci ka naɗe tanti kana tsaye kana jiran ƙarfe. Yana cin wuri a bayan mota, wurin da kula da jarkar ruwa za su zauna. Sannan tsatsa, nawa na bar shi a baranda damina ɗaya ban shafa mai ba, na buɗe na tarar ya yi ja wur, wuni guda na yi ina gurza ina ƙona mai a kai sau huɗu kafin ya koma baƙi. A dajin Smoki ma akwai ƙarin magana, akwai wata baƙar dabba mai ƙarfi da suke kira beya, hancinta ya fi na kare, doka ce duk abinci da abin da ke ƙamshin abinci a kulle shi cikin mota in ba ci ake ba, to ka ga ƙarfe mai maiƙon rago ba abin bari a waje ba ne.

Yanzu in dawo kan ƙanena da masu irin tambayarsa. Ƙanena, hanyar Tanut ba dajin Smoki ba ce. Ka tuna iskar hunturu in ta taso da ƙura, ka shimfiɗa ƙarfe mai faɗin rabin mita ka shafe shi da mai ka baza nama a fili, me kake tsammani zai sauka a kai? Rairayi za ku tauna. Tukunya tana da marfi. Na biyu, kayan nan an ƙera su ne don gaz ɗin nan mai suna furofen, bakin tiyonsu da abin daidaita ƙarfin gaz ɗin ba irin na butel ɗinmu na gida ba ne, ƴan ƙananan butel ɗin kuma jirgin sama ba ya ɗauka, in ya iso sai an yi ta ƙulle-ƙulle da roba da waya, ni kuwa ba zan aiko maka da abin da za a yi wa dabara a bakin gaz ba. Ga matatar mai ta SORAZ nan a kan hanyar da kake bi kullum, tun 2011 take fitar da gaz, ƴar butel mai kilo 6 da ake ɗaura wa kan resho a sama ta ishe ka, ko'ina za ka samu canji, in ta lalace akwai mai gyara a gari.

In kuma gashin ne ya shiga ranka, je wurin masu walda ko maƙera a kasuwar Dole, a yanko maka ƙarfe mai kauri, faɗinsa kamar na tiren abinci, a lanƙwasa bakinsa kaɗan don kada mai ya zube, a sa masa hannu biyu. Ka wanke, ka ƙona mai a kai har ya yi baƙi, ka ɗora a kan garwashi ko a kan reshon. Masu balangu da masu shayi na bakin tasha ai sun daɗe suna wannan aiki. Ni ma nan abin da na koma yi ke nan, na sayi resho mai baki biyu da baƙin kasko mai nauyi, su ne ba sa fita daga mota, babban farantin kuwa sai in mun haura mutum 10 kuma na san nama ne zai yi yawa, kamar fitar da muke yi bayan babbar salla.

Abu biyu nake roƙonku don girman Allah, ko wanne kuka ɗauka. Kada a kunna shi cikin tanti ko cikin mota ko ɗaki a rufe don jin ɗumi, gaz da gawayi duka suna fitar da wata iska marar wari marar launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa, ba ya tashi. Kuma kada a bar butel a cikin mota a kulle a rana, kun san zafin watan Afrilu da Mayu a garinmu yadda yake wuce digiri 40, cikin mota kuwa ya fi haka nesa, a sauke ta a inuwa a tsaye, a riƙa shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa to yana yoyo.

Ƙanena, kwantenar watan gobe akwai saƙonka a ciki, baƙin kasko ne irin nawa da fitilar goshi da kula mai riƙe ƙanƙara, faranti dai ban sako ba. Ka gaida Hajiya, ka ce yajin ya kusa ƙarewa, in an samu mai tahowa a haɗo min da kilishi da alkaki.

Naku,
ɗan Damagaram a Girinsboro