Rana ta 11: Sikeli Ya Tona Asirin Ƙafar Baya

Mun tashi da sanyin safiya, gilasan motar duk sun yi gumi daga ciki. Mutum tara ne muke kwana a cikin tsohuwar bas da aka cire wa kujeru aka mayar gida, to dole a ga haka, amma zan dawo kan wannan a ƙasa. Aikin farko kullum shi ne taya, tun ba a motsa motar ba, domin iskar taya da sanyinta ake aunawa. Idan aka yi tafiyar rabin awa iskar ta ɗumama, geji zai nuna lamba sama da gaskiya, mutum ya rage, washegari ya tarar da taya a kwance. Ƙafar baya tagwaye ce, biyu-biyu kowane gefe, kuma ta ciki ita ce ake mantawa. Idan ta ciki ta sace, ta waje ce ke ɗauke da kayan biyu ita kaɗai har ta yi zafi ta fashe, alhali ido bai ga komai ba. Na tarar duka shida daidai da abin da ke rubuce a jikin farantin ƙofar direba. Wannan ya ƙara ɗaure min kai, don jiya da yamma da na ɗora hannu a tayoyin baya sun fi na gaba zafi nesa ba kusa ba.

Iska daidai, birki ba ya maƙalewa, saura nauyi ke nan. Sai muka karkata zuwa sikelin manyan motoci.

Yadda ake aunawa yana da muhimmanci. A hau da motar yadda take tafiya a zahiri: tankin ruwa cike, tankin mai cike, kowa a kujerarsa. Sannan a nemi awo uku, na ƙafar gaba ita kaɗai, na ƙafar baya ita kaɗai, da na jimla. Farantin motarmu ya ce jimla kada ta wuce kilo 5,800, gaba 2,300, baya 3,800. Sikeli ya ba mu jimla 5,640. Da nan na tsaya da na tafi ina murna. Amma gaba ta nuna 1,720, baya kuma 3,920. Wato jimla tana da sauran kilo 160, ƙafar baya kuwa ta haye iyakarta da kilo 120.

Laifin na wanda ya ƙera ne, wato ni. Tsakanin ƙafar gaba da ta baya mita 3.9 ne, kuma jikin bas ɗin ya zarce ƙafar baya da kusan mita 2. Duk abin da aka ajiye a wannan jelar yana danna ƙafar baya fiye da nauyinsa, yana kuma ɗaga gaba, kamar lilon katako na yara. Na yi walda na ƙarfen ɗaukar kaya a can ƙarshen baya, na jera jarkoki 4 masu lita 25. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kilo 100 ke nan, suna zaune mita 1.8 bayan ƙafar baya. Idan aka yi lissafi, abin da suke ɗora wa ƙafar baya ya kai kilo 146, sun kuma zare wa gaba 46. Shi ya sa sitiyari ke min sakwab a hannu duk lokacin da babbar mota ta wuce mu da iskarta.

Mun koma gefe muka yi jigila ta kusan awa guda. Jarkokin huɗu sun shiga ƙarƙashin bencin cin abinci, wanda ke tsakiyar motar, aka ɗaure su da igiya mai ƙugiya a zoben da ke ɗaure da ƙarfen ƙasa. Akwatin sufanu da jak, kilo 35, ya dawo bayan kujerar direba. A ƙarfen baya kuma muka sa abin da ke da girma amma babu nauyi: tabarmi, kujerun naɗewa, bokitai. Da muka sake hawa, baya 3,790, gaba 1,850. Da ƙyar muka shiga, kilo 10 kacal. Uwargida ta dube ni ta ce, "Baban yara, to yaran nan fa girma suke yi." Gaskiyarta. Baɗi wannan lissafin ba zai yi ba, sai an rage wani abu, kuma na san ƙofofin kabad ɗin da na yi da katako mai kaurin milimita 18 ne za su fara tafiya. Mai milimita 9 ya isa ƙofa.

Tafiyar yau kilomita 210 ce, awa huɗu da tsayuwa biyu. Da yara bakwai ba a wuce haka a samu zaman lafiya. Dokar da ba ta canzawa ita ce babu mai hawa gado mota na tafiya. Kowa a kujera da bel, kuma bel ɗin a jikin ƙarfen motar yake ɗaure da noti da faffadan ƙarfe ta ƙasa. Bel da aka ɗaura a katako ado ne kawai, ranar da aka taka birki da ƙarfi da katakon zai taso. Kafin a tashi, babbar 'yarmu ce ke bin kabad ɗaya bayan ɗaya tana jan ƙofa ta ga ko sakata ta kama. Maganaɗisu ba ya riƙe ƙofa a kwana.

Akwai gangara doguwa a hanya, kusan kilomita 6. Na sauka da giya ta biyu, injin na kuka, na bar shi ya yi kukansa. Motar da ta doshi tan 6 idan aka ɗora ƙafa a birki tun daga sama, kafin ƙasa birkin ya yi zafi ya daina kamawa, idan kuma man birkin ya tsufa ya sha danshi sai ya tafasa, feda ta nutse. A taka da ƙarfi na ɗan lokaci a rage gudu, a saki ya huce, a sake. Giyar da za ta hau da kai ita za ta sauko da kai. Na baya sun yi ta hon, sannu dai ba ta hana zuwa. A ƙasa na sake taɓa tayoyin baya, ɗumi ne kawai irin na gaba.

A tsayuwa ta biyu ne aka ji famfon ruwa yana "burr" na daƙiƙa biyu, ya yi shiru, bayan minti uku ya sake, alhali babu wanda ya buɗe kan famfo. Irin wannan famfo mai bolt 12 yana tashi ne da kansa idan matsin ruwa ya sauka a cikin tiyo. Idan yana tashi shi kaɗai, ruwa na fita ta wani wuri. Na bi layin da busasshiyar takarda ina shafa kowace mahaɗa, domin yatsa ba ya gane ɗan ɗigo a wuri mai sanyi. A bayan kabad ɗin wanke-wanke na same shi. Tiyon yana reto babu madogara tsawon kusan mita ɗaya, girgizar kwana goma sha ɗaya ta sassauta kilif ɗin, bakin tiyon ma ya ɗan tsage. Na kashe famfo, na buɗe kai ruwan ya sauka, na yanke santimita 2 daga bakin, na tsoma shi a ruwan zafi ya yi laushi, na mayar, na sa kilif biyu suna kallon ɓangarori daban. Sannan na kafe tiyon a bango kowane santimita 30. Katakon ƙasa ya jiƙe faɗin tafin hannu biyu, mun bar kabad ɗin a buɗe da fanka a kansa. Daga yau makunnin famfo a kashe yake muddin mota na tafiya. Da tiyon nan ya fice gaba ɗaya a kan hanya, famfo mai tura lita 10 a minti zai juye tankin lita 200 a cikin ɗaki cikin minti 20, injin kuma ba zai bari a ji ba.

Abin da mai ginin ɗaki a ƙasa ba ya tunawa ke nan: wannan ɗakin girgiza yake sha duk yini. Tun da na riga na buɗe akwatin, na bi notin gadaje. Uku sun yi sako-sako, duka na talakan noti ne. Waɗanda na sa wa noti mai roba a ciki ko ɗaya bai motsa ba.

Ruwa kuwa, ga yadda yake tafiya. Muna da lita 300 gaba ɗaya, muna cin kusan 110 a yini, wajen lita 12 kowane kai, har da sha da girki da wanke-wanke da wankan kofi. Bai cika kwana uku ba. Amma ba shi ne ke korar mu daga masauki ba. Tankin ƙazamin ruwa lita 90 ne, yini ɗaya da kaɗan ya cika. Akwatin banɗaki lita 20, mutum tara kuwa kullum sai an zubar. Duk wanda zai ƙera wa babban iyali, daga inda ruwa ke fita ya kamata ya fara lissafi.

Mun sauka kafin faɗuwar rana, aka sa katako biyu ƙarƙashin ƙafar hagu har kumfar ma'aunin ta tsaya tsakiya. Idan mota ta karkace, ruwan wanke-wanke ba ya gangarawa, na gadon sama kuma ya kwana yana mirginowa jikin katangar gado.

Batir da safe yana kashi 38. Litiyam ne guda biyu, amfiya-awa 100 kowanne (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), 200 ke nan. Cin yini ɗaya: firji kusan 55 idan ana zafi kuma ana yawan buɗe shi, fankokin rufi biyu masu jan amfiya 2 kowacce na awa 10 sun ci 40, fitilu 8, famfo 5, cajin wayoyi 12. Jimla 120. Farantan sola na wat 400 kan ba mu kusan 100 a rana mai kyau, idan an goge musu ƙura kuma ba a fake a inuwa ba. Giɓin nan caja mai amfiya 30 da ke karɓa daga injin ke cikewa, shi ya sa yau muka iso a cike. Kwana uku a wuri ɗaya da hadari, sai an zaɓa tsakanin fanka da firji. Wanda ke da batir irin na ruwa ya raba lambar da ke jikinsa biyu, don idan ana shanye shi fiye da rabi ba ya daɗewa.

Na dawo kan gumin gilas. Numfashin mutum tara cikin dare ruwa ne, lita biyu zuwa uku, ga kuma girki: kilo ɗaya na gas idan ya ƙone yana sakin ruwa sama da kilo ɗaya da rabi a iska. Duk wannan yana neman wuri mai sanyi ya zauna, wato gilas, ƙarfen jiki, da ƙarƙashin katifa. Rufe ko'ina saboda sanyi shi ke ƙara ɓata abin. Yau mun bar fankar baya tana fitar da iska a hankali, tagar gaba a buɗe yatsa biyu, mai raga saboda sauro. Gadajen, masu faɗin santimita 60 da tsawon 180, na huda katakonsu da ramuka tun wajen ƙira, duk da haka kowace safiya ana ɗaga katifu. Tukunyar gas tana akwatinta a rufe da rami a ƙasa, domin gas ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasa yake bi. Saboda haka na'urar jin warinsa tana kusa da daɓe, ta kabon monoksaid kuma, wato iskar guba marar wari da wuta ke fitarwa, tana daidai kan masu barci. Na danna su duka biyu sun yi ƙara, na rufe kan tukunyar.

Gobe kafin a tashi: duba katakon bayan kabad ko ya bushe, sake ɗaure jarkoki don igiya kan saki a daren farko, zubar da banɗaki, sayo kilif shida da noti mai roba guda ashirin. Auta har yanzu bai yi barci ba, yana ƙirga kusoshin rufi.