Icen da iska ta kayar yana da mai shi

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Yuli, iskar da take gabatar hadari tana kayar da itatuwa a gonakin da ke kewaye da Damagaram da kuma cikin unguwanni, kuma saurayin da ya ga ƙaton bedi kwance a bakin hanya, ga shi ya san kuɗin da ake kashewa a gidansu wajen icen girki, ba abin da zai fara zuwa masa a rai sai aron gatari da amalanke. Ni ma haka na yi a ƙuruciyata, ƙannena, kuma mafi yawan abin da zan faɗa muku na koye shi ne bayan na yi asara.

Abin da na yi jinkirin fahimta shi ne, faɗuwar itace ba ta raba shi da mai shi. Wanda ya faɗi a gona na mai gona ne, na ƙofar gida na maigidan ne, na bakin titi kuma hukumar gari ce ke da magana a kansa. Na taɓa sassare wata aduwa da ta faɗi a kan hanyar Mirya, na ɗauka a jeji take saboda ban ga shuka a wurin ba, ashe saura ce da aka bari ta huta. Ina cikin lodi mai gonar ya iso. Bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yaro, wa ya ba ka?" Na ce, "Baba, na ga ta faɗi ne." Ya ce ai shi ma ya gani. Na sauke masa icen duka a gefen gonarsa, na biya mai amalanke kuɗin zuwa da komawa babu kaya. Da na fara zuwa na gaishe shi na roƙa, da wataƙila mun yi raba-daidai, domin tsofaffi da yawa suna son wanda zai kawar musu da itacen kafin ya hana noma.

Wannan kishi na manoma ba rowa ba ce. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da na 1984, mutanen Magarya da Matamai da Mirya sun dage wajen barin tohon itatuwa a cikin gonakinsu suna yi musu sassabe har suka girma, abin da ya sa yau in ka bi hanyar Magarya za ka ga gawo jere a cikin gero. Mutumin da ya yi shekaru yana kare itace daga awaki da masu sara ba zai yarda baƙo ya kwashe shi don kawai iska ta riga shi kayarwa ba. Gawo kuwa yana da matsayi na daban tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimu a ƙarni na 19, wanda ake ba da labarin tsananin hukuncinsa a kan mai sare shi, kuma har yanzu yana cikin itatuwan da doka ta kare. Dokar gandun daji ta Nijar ta 2004 ta bar wa mutanen karkara damar tsintar busasshen ice don girkin gida, amma ɗauko lodi zuwa birni ko sayarwa yana bukatar takarda, sannan keɓaɓɓen daji irin na Takeita yana da nasa ƙa'idojin. Ma'aikacin gandun daji da ya tare ka da ɗanyen gawo ba shi da hanyar sanin ko iska ce ta kayar ko kai ne, saboda haka ku sanar da mai gari, ku nemi takarda tun kafin ku sa gatari.

Bayan izini sai sanin icen da ya cancanci wahala. Ƙirya, wadda maƙera suke neman gawayinta, da marke da bagaruwa da aduwa suna da nauyi, suna daɗewa a murhu, suna barin garwashi mai kyau. Bedi ba laifi in ya bushe sosai. Kuka kuwa, duk girmanta, cikinta zare ne da ruwa, kuma ni da na wahalar da jaki a kan reshenta ban samu komai ba sai hayaƙi da dariyar matan gida. Ku kuma duba tsawon zaman da itacen ya yi a ƙasa, domin wanda ya kwana damina guda a kwance sau da yawa gara ta cinye cikinsa, ɓawo ne kawai ya rage. Ku buga shi da bayan gatari ku saurara.

Wajen sara, haɗarin yana inda ba a zato. Itacen da ya faɗi yana danne wasu rassansa a ƙarƙashi kamar bakan da aka ɗana, kuma da zarar ka yanke ɗaya sai ya zabura, ko kuma kututturen ya mirgino kanka. Ku fara da ƙananan rassan da ba su ɗauke da nauyi, ku tsaya ta ɓangaren tudu, kada ku je ku kaɗai. Kada ku cusa hannu ƙarƙashin gungume sai kun juya shi da sanda, saboda kububuwa da kunama suna son inuwar nan. Wanda ya faɗi a kan wayar lantarki kuma, ku bar shi sai masu wuta sun zo.

Ɗauka ita ce ke cinye ribar, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗanyen ice kusan rabin nauyinsa ruwa ne, don haka duk wanda ya loda shi ranar da ya faɗi kuɗin ɗaukar ruwa yake biya. In mai shi amintacce ne, gara a faskara tun yana ɗanye, lokacin da gatari ya fi shigarsa, a bar shi ya sha iska, sannan a kwaso. Lodin ya zauna a kan ƙafafun amalanke. In ya rinjayi baya yana ɗaga jaki sama, in ya rinjayi gaba yana yi masa miki a gadon baya, kuma rairayin hanyoyin ƙauye ba ya yafe wa mai haɗama. Sawu biyu marasa nauyi sun fi ɗaya da za ka sauke a tsakiyar hanya. Ku sassabe ƙayar aduwa da bagaruwa tun a gona, don ta fi kowa iya fasa taya.

A gida, kada ku jingina icen da katangar ƙasa, domin ni na jawo wa ɗakinmu gara ta wannan hanya. Ku jera duwatsu, waɗanda ba a rasa su a garin nan, ku ɗora faskaren a kai yadda iska za ta ratsa, ku rufe samansa kawai in ana ruwa. Za ku gane ya bushe in bakinsa ya tsattsage, ɓawon ya saki, nauyin ya ragu. Na damina yakan jira iskar hunturu kafin ya kai haka, saboda haka kada ku yi wa uwar gida alkawarin za ta daina sayen ice a makon da kuka kawo shi.