Darussan da na koya a jaridar ɗalibai, da maganar kwalayen magaza

Tunda na kare memuwar ɗina na miƙa makullin biro ga yaran da sunka gaje mu, nake son in yi wagga magana sau ɗaya in huta. Ba zan kama sunan makaranta ko na mutum ba, waɗanda sunka zauna da mu sun san komi, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara mishi komi ba.

Duk wanda ya riƙe jaridarmu kafin ni, ciki har da mutanen da nake girmamawa, aikinshi shi ne lamba ta gaba. A samo kuɗin takarda, a bi masu rubutu, a fitar, a huta. Ba wanda ke waiwaye, kuma ban ga laifinsu ba, ɗalibi shekara ukku ce ya tafi, kafin ya gane darajar abin da ke hannunshi ya riga ya fara neman aiki. Shi ya sa tsoffin lambobi ba su da mai su. Ni ma Baba mai gadi ne ya ce mini, ɗana in kana son ganin ta iyayenka je ka magaza bayan ɗakin karatu, akwai kwalaye ƙarƙashin karyayyun tebura.

Abin da munka tarar can ya sa na daina ganin jaridar kamar wasan yara. Lambobin farko da keken rubutu anka buga su, anka juya a injin ronewo, kanun labari da hannu, zane da hannu, wasu tawadar shuɗiya ce mai ɗan ja ta dushe har sai ka karkata takarda wajen haske kake iya karantawa. Daga baya fotokofi ya shigo, babbar takarda a naɗe biyu, can gaba kuma shekarar da anka samu mai taimako sai ka ga bango mai launi. Kana taɓa takardar kana sanin ko aljihun ɗaliban wannan shekara da nauyi ko babu. Kuma lokacin da jaridar ta fara ba lokacin banza ba ne, farkon shekarun 1990 ne, bayan abin da ya faru ranar 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai inda anka kashe ɗalibai 3 cikin zanga-zangar USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, shekarar da Haske ta fito a matsayin jarida mai zaman kanta, sannan babban taron ƙasa ya buɗe 29 ga Yuli 1991. Baki ya buɗe a ƙasa baki ɗaya, yaran Maraɗi ma sunka ce su ma suna da abin faɗi. Kusan kowace shekara lambar Fabrairu na komawa ga wannan rana, kuma in ka jera su kana ganin yadda zafin ke sauka sannu sannu daga waɗanda sunka ga abin zuwa waɗanda labari kawai sunka ji.

Amma ba manyan labarai ne sunka fi kama ni ba. Ƙananan ne. Bursu da bai fito ba wata da watanni, abincin resto, famfon ɗakunan kwana da ya ƙafe cikin bazara, ƴan mata da ke rubutu da sunan aro don kar a gane su a gida, waƙoƙin Hausa a shafin baya da ba wanda ya gyara musu rubutu. Takardun makaranta za su gaya maka an rufe aji ranar kaza an buɗe ranar kaza, an kori wane. Dalilin da ya sa yara sunka fita, daga bakin yaran, a nan kaɗai yake. In wannan ya ɓace to labarin hukuma ne kawai ya rage, ko da hukumar mai gaskiya ce, gefe ɗaya ta gani.

Munka sayi kaye babba munka fara rajista, lamba, wata, shekara, yawan shafi, wa ya rubuta mi, wace ta ɓace. Gara ta riga ta ci ƙasan wasu kwalaye, ɓera ya yi sheƙa a ɗaya, ƙarfen manne takardu ya yi tsatsa ya huda tsakiyar shafuka. Sai na rubuta wasiƙa zuwa ga babban da ke kula da harkokin ɗalibai, abu biyu na roƙa, kabad guda mai makulli a ɗakin karatu da izinin amfani da sikana ta biro ɗinsu da yamma in sun tashi. Ban nemi ko dala ba. Ya karanta gabana ya ce aiki ya yi kyau, a bari sai bayan babban hutu, kar mu taɓa kwalayen don kayan makaranta ne.

Ku riƙe wagga kalma, kayan makaranta ne.

Cikin hutu, tsakiyar damina, ya buƙaci magazar don ajiye katifu. Ya sa anka fitar da komi waje ƙarƙashin wata rumfar kwano mai yoyo. Mutumin da ke zaune a Maraɗi, garin da ruwan Gulbi ya ci a 1945 har anka tashe shi anka hau tudu, ba ya buƙatar a gaya mishi abin da ruwan Agusta ke yi wa takarda. Abin da ya jiƙe ya manne ya zama dunƙule, abin da bai jiƙe ba anka bar masu shara sunka kwasa, ya ƙare hannun masu tsire da ƙosai na bakin ƙofa. Baba mai gadi, Allah ya saka mishi da alheri, shi da bai iya karatun boko ba shi ne ya ja abin da ya iya ja ya ɓoye a ɗakinshi don ya ga muna wahala a kai.

Da munka dawo na je biro ɗinshi, wallahi da ladabi na je. Na ce Mushe, kun ce mu jira mun jira. Bai ko ɗaga kai daga waya ba ya ce, yaro, takardun yara ne fa, ba takardun makaranta ba, makaranta ba ta da alhakin ajiye su. Lokacin da nake son ɗauka kayan makaranta ne, lokacin da sunka lalace na yara ne. Asarar ta yi mini zafi, amma wagga juyawar harshe ta fi, domin ta nuna mini tun farko bai taɓa ganin akwai wani abu cikin kwalayen ba, kuma ya san ba wanda zai tambaye shi.

Abin da ya cece mu kayen nan ne, yana jakata lokacin hutun. Da shi munka san abin da ya ɓace lamba lamba, munka shiga neman tsoffin ɗalibai. Wani malamin lakwal a Tasawa ya fito da nashi daga cikin akwatin ƙarfe, wata Hajiya a Madarumfa da ta yi rubutu da sunan aro tana budurwa ta ba mu nata bisa sharaɗin mu ɗauki hoto mu maido mata kuma kar mu bayyana wace ce, mun cika mata. Kuɗin mota daga aljihunmu, jaka jaka munka haɗa. Ba mu samu duka ba, akwai shekarun da har yanzu layi ne babu komi a rajista.

Sai ga bikin makaranta ya zo da baƙi daga Yamai. Mutumin nan ya aiko a kawo mishi abin da munka tara don a baje a tebur, munka kai don jaridar ba tamu kaɗai ba ce. A jawabinshi ya ce biro ɗinshi ne ya ɗauki nauyin farfaɗo da tarihin ɗalibai. Bai ambaci Baba ba, bai ambaci yarinyar da ta kwashe dare tana ɗaukar hoton shafuka da wayarta ba. Kuma lambobin da sunka yi maganar kuɗin ɗakunan kwana ba su hau teburin ba, an tsame su. Wasu sun ce in yi haƙuri babba ne. Na yi haƙuri, ban yi rigima ba, amma ban yarda cewa daidai ne ba kuma ba zan ce na manta ba.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939 har yau masu bincike na karanta ta, ba don takardarta ta fi tamu ƙwari ba, don an samu masu ajiyewa ne. Cibiyar bincike ta IRSH a Yamai na riƙe da rubuce-rubucen ajami da sunka girme mu nesa ba kusa ba. Mu tamu da ba ta kai shekara 40 ba hutu ɗaya ya kusa gamawa da ita.

Sauran abin da na koya gajeru ne. Duk alkawarin da babba ya yi maka a baki, ka roƙi ya sa hannu da hatimi a kwafin wasiƙarka. Kwali kar ya taɓa ƙasa ko bango. A cire ƙarfen manne, kar a sa takardar fotokofi cikin leda, zafi na sa baƙin rubutun ya manne da ledar. Hoton da anka tura a WhatsApp haka kawai yana raguwa, a tura shi a matsayin fayil, kuma sunan fayil ya ɗauki shekara da lamba.

Abu ɗaya da ban zata ba, ramin da ya fi girma a rajistarmu ba na zamanin ronewo ba ne, na kwanan nan ne. Lokacin da anka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona jaridar ta koma waya, ana tura ta a guruf, ba wanda ya buga ko kwafi ɗaya. Wayoyin sun lalace, guruf ɗin ya watse, shafin Facebook na wancan lokaci kuma wanda ya buɗe shi ya tafi da lambar sirri, ba mu same shi ba. Don haka na bar wa yaran doka guda, duk lambar da ta fita a waya a buga ta a takarda, ɗaya a biro ɗaya a wajen makaranta.

Hotunan da munka ɗauka suna wuri ukku yanzu, har da lambobin da anka tsame. Kayen rajista yana hannun sabuwar shugabar jarida. Mutumin ya aiko sau da yawa a kai mishi shi wai zai adana a biro, na ce mata ta ba shi fotokofi.