Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zomon Inna

Makon jiya na tsaya a ranar da takardar shiga makarantar kwana ta iso gidanmu a Funtuwa, wadda Kawu ya kawo a aljihun rigarsa har ta yi laushi da gumi. Niyyata in tsallaka zuwa shekarun jami'a a Samaru, amma tun ranar Talata maganar Inna take yi mini yawo a ka, ta hana ni sakat. Don haka ku yi haƙuri, mu ɗan zauna a waccan makarantar tukuna.

A tasha ta faɗa mini maganar, cikin watan Satumba na 2003, ana ɗaure akwatina na ƙarfe a saman mota. Ta gyara mini hijabi, ta tura ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli cikin jakata, ta ce: "Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ki je ki yi naki gudun, ni ma zan yi nawa a nan." Rabin farko kowane yaro ya san shi. Rabi na biyu kuwa sai da na shekara uku kafin na gane abin da take nufi.

Makarantar kuɗi ce ta kwana, a bayan garin Kaduna. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai malaman da na ci albarkacinsu a can, kuma akwai abin da har yau ban yafe wa hukumarta ba. Na shiga ajin SS1 ne da tallafin rabin kuɗi, saboda na zo ta biyu a jarrabawar shiga. Sharaɗin a rubuce yake: duk zangon da na fita daga cikin goma na farko a aji, tallafin ya tafi. Sauran rabin kuma a kanmu yake, alhali Baba ya rasu tun ina JSS2, kamar yadda na ba ku labari a kashi na shida.

Ƙarfe huɗu da rabi ake kaɗa ƙararrawa. Wanka da ruwan bokiti, ko da hunturu ne, sai sallar asuba, sai firef na safe, wato zaman bitar karatu, kafin a ga hasken rana. Darasi daga takwas saura zuwa biyu, a ci abinci, a yi azahar, a koma darasin yamma. Bayan isha kuma firef na dare har ƙarfe goma. In an ɗauke wuta kafin a tada janareta, kowa ya ciro tocilarsa, ba a yarda a rufe littafi ba. Kowace Juma'a da safe akwai gwaji, ranar Litinin a liƙa sakamako a allon da ke ƙofar ɗakin cin abinci, daga na ɗaya har na ƙarshe, sunaye biyar na ƙasa da jan biro. Sai ka bi ta gaban allon nan kafin ka kai ga kwanonka. Na sha ganin yarinya ta duba, ta juya ta koma ɗaki ba ta ci komai ba.

'Yan ajinmu yawanci 'ya'yan manya ne daga Kaduna da Abuja da Kano, waɗanda tun firamare da Turanci suke mafarki. Ni kuwa daga makarantar gwamnati na fito, inda malamin lissafi yake bayani da Hausa in ya ga mun yi zuru. Lissafi bai taɓa ba ni tsoro ba. Bakina ne ya zame mini ciwo. Dokar makarantar ita ce duk wanda aka ji yana banakula, wato Hausa ko wani yaren gida, a rubuta sunansa, ranar Asabar ya wanke banɗaki. Makonni uku na farko a jere na wanke. Daga nan sai na ɗauki shiru, na kusa wata biyu ba na magana da kowa sai an tambaye ni. Abin da ya fi ba ni takaici, muna da darasin Hausa sau biyu a mako, tunda tana cikin abin da za mu rubuta a WAEC. A cikin mintuna arba'in ɗin nan ni ce sarauniyar aji, masu yi mini dariya su ne ke leƙen littafina a kan karin magana da ƙa'idojin rubutu. Ana kaɗa ƙararrawa kuma harshen ya koma laifi.

Wanda ya buɗe mini baki malamin Kemistiri ne, mutumin Gana, dogo, mai farin gashi a gefen kunne. Ranar farko da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje don auna asid da kishiyarsa, ba zan manta ba. Za ka zuƙi ruwan kishiyar da siririn bututun gilashi har ya kai zanen 25, ka zuba a kwalba mai faɗin gindi, ka ɗiga ruwan alama ɗigo biyu ko uku, ya zama rawaya. Sannan ka riƙa sakin asid daga dogon bututu mai famfo, hannun hagu a famfo, na dama yana juya kwalbar, har launin ya juye zuwa ruwan lemo. Ɗigo ɗaya ne tsakanin daidai da kuskure. Sai ka durƙusa idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta, ka rubuta, ka sake har sau uku, kuma dole alƙaluman su yi kusa da juna kafin ka ɗauki matsakaicinsu. Da baki muke zuƙa a lokacin. Ni da hannuna ke rawa, na zuƙa da ƙarfi, ruwan ya shigo mini baki, wani santsi kamar na sabulu. Na tofar, na tsaya ina hawaye, ban san yadda zan faɗa da Turanci ba.

Ya zo ya ja ni wurin famfo, ya sa na yi ta kurkure baki. Sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, da Hausa: "Kar ka ji tsoro. Ka sake." Na ɗago na dube shi. Ashe a zangon Kumasi ya tashi, kuma Hausarsu ta can ba ta cika raba mace da namiji ba, kowa "ka" ne. Shekara uku yana ce mini "ka", ban taɓa gyara masa ba, kuma ban taɓa jin kalmar da ta kwantar mini da hankali kamarta ba. Shi ne ya gaya mana cewa hukumar WAEC tun 1952 aka kafa ta, babban ofishinta yana Ankara, babban birninsu, kuma ƙasashe biyar ke ƙarƙashinta: Najeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Yakan ce idan muka zauna jarrabawa mu tuna akwai wata yarinya a Firitawun da ke riƙe da irin wannan bututu, ita ma hannunta na rawa. Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake.

Yanzu bari in zo kan Baffa, domin saboda shi na ɗauki alƙalami yau.

Waɗanda suka halarci walimar da aka yi mini bayan na gama karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello sun ji shi da kunnensu. Ya miƙe cikin babbar riga, ya ce shi ya tsaya mini tun rasuwar ƙaninsa, shi ya kai ni makarantar kuɗi, yau ga shi Allah Ya nuna masa. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Inna tana cikin ɗaki tana zuba wa baƙi zoɓo, ta ji, ba ta ce uffan ba. Ni ma ban ce ba, domin ba a yi mana tarbiyyar katse babba ba. To ga abin da Baffa ya bayar a shekara uku: katifa ɗaya da kuɗin mota na zuwan farko. Na gode da su, kuma a kan katifar na kwana har na gama. Amma shi ne mutumin da ya zauna a zaurenmu bayan na gama JSS3 ya ce a ba da ni, wai karatun mace ƙarshensa madafi. Shi ne kuma ya ce wa Inna in ta nace, kada ta zo ƙofarsa ranar da kuɗin makaranta ya gagare ta. Ba ta je ba kuwa, ko sau ɗaya.

Gudun da ta ce za ta yi, ga shi. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, tun asuba tana kan turmi da kasko, kuma ta shiga adashe biyu, ta roƙi a riƙa ba ta kwasa daidai lokacin komawa makaranta. A zango na biyu na SS2 sarƙar zinaren lefenta ta tafi. A SS3, da kuɗin rajistar WAEC da NECO da JAMB suka haɗu da kuɗin zango a lokaci ɗaya, ta sayar da gonar da ta gada a hanyar Bakori, gonar da ake noma mana masarar shekara. Duk wannan ban sani ba. Ranar ziyara takan zo a motar haya, ta sauka a bakin titi ta tako da ƙafa, ta wuce ta tsakanin manyan motocin iyayen wasu, da kwanon dambu a ɗaure cikin ɗankwali. Mu zauna a gindin darbejiya, nesa da ofishin shugabar makaranta, mu yi Hausarmu ƙasa-ƙasa. Na lura wuyanta babu komai, na tambaya, ta ce ta ajiye ne saboda ɓarayin mota. Sai bayan na gama Goggo ta faɗa mini gaskiya.

Shi ya sa allon nan na ƙofar ɗakin cin abinci ya zame mini abin tsoro fiye da kowa. Wasu in sun faɗi, faɗan uba kawai za su sha. Sau ɗaya na zo ta goma sha ɗaya a gwajin tsakiyar zango, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni kwana biyar. Daren nan ban runtsa ba. Na ɗauki tocila na shiga banɗakin da na saba wankewa, na zauna a kan bokiti ina bitar Fizis har aka kaɗa ƙararrawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, haka nake ta maimaitawa kamar wuridi. A ƙarshen zangon na zo ta shida.

Abin da na ce ban yafe wa hukumar makarantar ba, ya faru ne a ƙarshen SS2. Ana yin wata babbar jarrabawa, wanda duk bai kai makin da suka yanka ba, sai a kira iyayensa a ce su nema masa wata makaranta ya rubuta WAEC a can. Da haka suke samun damar rubutawa a allon bakin titi cewa duk ɗalibansu sun ci kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Maƙwabciyar gadona tana cikin mutum bakwai da aka sallama a shekararmu. Ita ce ta koya mini yadda ake rubuta wasiƙar Turanci, ita ke gyara mini furuci da dare ba tare da ta yi mini dariya ba. Mahaifiyarta ce ta rasu ana saura mako biyu jarrabawar, kowa ya sani, amma ba a duba ba. Na taya ta ɗaukar akwati har bakin ƙofa. Shekara biyu iyayenta na biyan kuɗi cikakke, ba rabi ba irin nawa. Duk lokacin da na ga irin wannan allo a gaban wata makaranta, ita nake tunawa, in ce a raina nawa aka kora kafin a rubuta wannan.

SS3 ba ni da abin faɗa da yawa a kanta, domin ban ga komai ba sai takardun tambayoyin shekarun baya. Mun rubuta JAMB ta 2006 da fensir da takarda, kana cike ƙananan gurabe kana addu'a kada gogewa ta ɓata maka amsa. Yaran yanzu da ke yi a kwamfuta tun 2015 ba su san wannan fargabar ba. Darussa huɗu, maki 400: Turanci, Fizis, Kemistiri, Bayoloji. Na samu 258. Sai WAEC a watan Mayu da Yuni, NECO na biye da ita. Kuma a lokacin an riga an shigo da jarrabawar tantancewa ta jami'o'i tun 2005, don haka sai da na sake zama a Zariya. Likitanci na nema, harhaɗa magunguna aka ba ni. Na yi kuka kwana biyu, Inna ta ce in tashi in yi alwala in gode wa Allah.

Ranar da na karɓo sakamakon WAEC, A1 a Kemistiri da Hausa, B3 a Turancin da ya sa ni wankin banɗaki, na same ta a tsakar gida tana matsar tunkuza. Ba ta iya karatun boko ba. Ta goge hannu a zani, ta karɓi takardar ta gefe-gefe don kada mai ya taɓa ta, ta ce in karanta mata ɗaya bayan ɗaya, in faɗa mata wanne ne babba, A ko B. Da na gama ta ce in kai wa Baffa ya gani, tunda shi ne uba. Na ce ba zan je ba. Ta dube ni, irin duban da ba ta cika yi ba, ta ce: "Za ki je, kuma za ki durƙusa."

Na je, na durƙusa. Ya duba ya ce madalla, ya ba ni naira ɗari biyu.

Gonar hanyar Bakori na yi ƙoƙarin fanso ta shekara huɗu bayan na fara aiki. Wanda ya saya ya riga ya yanka ta filaye, har an yi gini a uku daga ciki. Na dawo na faɗa wa Inna, ta ce dama ba ta aike ni ba. Sarƙar kuwa na saya mata wata a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta sa ta sau ɗaya ranar sunan ɗana na fari, ta mayar cikin akwati. Yadda muka yi da Baffa a kan gidan Baba kuma, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.