Na kai wa Kawu bidiyon bindigogin Yaya

Yayana da ke zaune a Amurka ya turo min bidiyon bindigogi biyu daga filin koyon harbi, wai in taya shi zaɓe. Duka ƙaramin harsashin nan na .22 suke ci, wanda allurar cikin bindiga ke dukan gefen gindinsa maimakon tsakiya. Ɗaya Ruger 10/22 ce, tun 1964 ake ƙera ta. Kana jan kunama za ta tofar da kwanso ta ɗora wani da kanta, har goma. Ɗayar Henry ce, sai ka sauke mariƙin ƙasa ka mayar da shi kafin kowane harbi.

Bayan la'asar na kai wa Kawu a Ƙofar Doka da ke Zariya, shi da ya tsufa yana farauta da bindigar toka. Ya ɗora tabarau, ya ce in maimaita. Da ya ji ƙarar mariƙin nan, ƙwas, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗana, wannan tana barin mutum ya numfasa kafin ya sake."

Wallahi ni ma can raina ya kwanta. Mai ɗora wa kanta takan cije idan harsashi ya yi rauni, Henry kuwa hannunka ne ke aikin. Daren nan na rubuta wa Yaya ya ɗauki Henry.