Talata, ranar kwikwiyon da aka yi wa allura ɗaya tak

Ruwan Agusta ya kwana yana zuba, sai da hantsi ya dubi ludayi masu dabbobi suka fara shigowa asibitinmu na dabbobi.

Na farko wani maigadi ne da kwikwiyo a cikin kwali, ɗan mako goma, ko kai ba ya iya ɗagawa. Warin kaɗai ya faɗi cutar kafin a buɗe kwalin. Zawo mai jini, amai, dasashi ya bushe, in an ja fatar wuya sai ta tsaya cak. Cutar fabo ce, wata ƙwayar bairas mai kama hanjin karnuka. Maigadin ya ce, "Wallahi likita, an yi masa allura." An yi kam, guda ɗaya, yana da mako shida, daga nan ba a koma ba.

Wannan kuskuren shi ya fi cika mana ɗakin jinya. Kwikwiyo yana samun kariyarsa ta farko daga dakashin uwa, kuma muddin wannan kariya tana da ƙarfi a jininsa, tana iya kashe kaifin allurar rigakafi. Tana dushewa ne tsakanin mako 6 zuwa 16, kowane kwikwiyo da nasa lokacin, ko da ciki ɗaya suka fito. Shi ya sa ake maimaitawa: ta farko a mako 6 zuwa 8, sannan duk bayan mako uku ko huɗu, ta ƙarshe kuma kada ta kasa mako 16. Kafin a kammala, kada ya taka inda karnukan titi ke kashi. Ita kanta allurar, in ba ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8 ba, ruwa kawai aka tsira wa dabba. Wanda ya zaro kwalba daga aljihu da rana tsaka, a ba shi haƙuri ya yi gaba.

Babu maganin da ke kashe ƙwayar fabo. Aikinmu mu riƙe ran dabbar har jikinta ya yi nasa yaƙin: ƙarin ruwa ta jijiya, maganin tsayar da amai, da maganin ƙwayoyin bakteriya, domin bangon hanji ya saɓule, ƙazanta na iya tsallakawa cikin jini. Da amai ya lafa a fara ba shi abinci mai laushi kaɗan-kaɗan. Na jaddada wa maigadin batun gida, domin ƙwayar tana yin watanni a cikin ƙasa, takalmi ma yana ɗaukar ta. A fara wanke kashin da sabulu, sannan a dama bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi talatin, a jiƙa daɓen siminti da kwanoni, a bar shi minti goma kafin a ɗauraye. Tsakar gida ta turɓaya ba ta wankuwa, don haka kada a shigo da sabon kwikwiyo sai wanda ya gama allurarsa.

Kafin azahar wani dattijo mafarauci ya kawo karya da 'ya'yanta biyar 'yan mako huɗu, cikinsu tulele, gashi a hargitse. Tsutsar ciki ce. Ƙa'ida a fara ba su magani tun suna mako biyu, a maimaita duk mako biyu har mako 12, sai wata-wata har wata shida, daga nan duk wata uku, uwar ma a haɗa da ita. A auna nauyi kafin a ba da magani, kada a yi kintace. Biyu a cikinsu suna da ƙuraje kamar maruru, kowanne da ɗan rami a tsakiya. Tsutsar ƙuda ce, wadda ƙudan ke saka ƙwanta a yashi mai danshi da fitsari. A toshe ramin da basilin na ɗan lokaci, ta rasa iska, sai a matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum. In ta fashe a ciki, wurin ruruwa yake. Na ce, "Baba, a ɗaga musu makwanci kan katako, a riƙa shanya buhun a rana."

Akwai wanda ya yi wa karensa wanka da maganin feshin gona saboda kaska, karen ya zo yana dalalar da miyau, jiki na karkarwa. An wanke shi da sabulu sau biyu, aka yi masa allurar karya dafin. Mai karen da masu shafa baƙin mai a kan ƙazwa, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Bayan la'asar ne aka yi doguwar magana da wani Alhaji mai son kare "mai zafi" don gadi. Shirinsa a ɗaure kwikwiyon a lungu, kada ya ga kowa. Karen da ya tashi a haka tsoro ne ke cin sa, kuma matsoracin kare ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci. Daga mako uku zuwa wajen sha huɗu ne kwikwiyo ke koyon abin da zai saba da shi har tsufa, don haka a nan ake nuna masa yaran gida, awaki, kaji, ƙarar babur, a riƙa taɓa kunnensa da tafinsa. Kada a raba shi da uwa kafin mako takwas, wurin 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. Horo kuwa minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a yini, kalma ɗaya ga kowane umarni, kuma kowa a gidan ita zai riƙa faɗa. Ya zauna, a miƙa masa ɗan nama nan take. In an jinkirta ba zai san ladan me aka ba shi ba. Dukan da aka yi masa bayan awa guda da ɓarna, abin da zai koya kawai shi ne hannun mutum abin gudu ne. Haushin baƙo da dare ba sai an koya masa ba, zai zo da kansa in ya girma ya san iyakar gidansa.

Alhaji ya tambayi abinci. Sau huɗu a yini har wata uku, sau uku har wata shida, sannan sau biyu. Ban da albasa, tafarnuwa, goro, cakulan da dafaffen ƙashin kaza, kuma kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Allurar ciwon haukan kare a wata uku, a sabunta duk shekara; a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ma ana sarrafa ta. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti ranar, karen kuma a tsare shi kwana goma ana lura da shi.

Da magariba kwikwiyon maigadi ya ɗan ɗaga kai, zafin jikinsa digiri 38.6, daidai na lafiyayyen kare, awa biyar bai yi amai ba. An sauya masa ledar ruwa, an bar wa mai kwana cokali biyu na dafaffiyar shinkafa da kaza ya gwada shi da asuba.